Lokacin Farautar Zomo, Zabi da Fakara a Ƙasar Bauchi, da Abin da Doka Ta Hana

Tambaya: Wani matashi daga ƙaramar hukumar Alkaleri ya ce ya gaji bindigar toka daga mahaifinsa, yana kuma da karnuka biyu. Yana son ya riƙa fita neman zomo, zabin daji, fakara, kurciya da agwagin ruwa. Yana tambaya ko akwai watannin da gwamnati ta keɓe don farauta, ko sai da takarda ake yi, kuma waɗanne dabbobi ne idan aka kama mutum da su zai kwana a hannun hukuma.

Amsa: Ɗan'uwa, Allah Ya jiƙan mahaifinka. A Najeriya babu wani jadawali guda da ake fitarwa kowace shekara a ce ran kaza an buɗe farautar zomo, ran kaza an rufe ta zabi, irin yadda ake yi a Ingila ko Amurka. Dokokinmu sun fi sa ido a kan wurin da ka shiga, da abin da ka kashe, da yadda ka kashe shi, da makamin da ke hannunka. Dokar namun daji ta tsohuwar Jihar Arewa ta 1963, wadda jihohinmu suka gada kowace ta yi mata nata gyare-gyare, ta bar wa gwamnati ikon rufe farauta idan buƙata ta taso. Haka kuma 'yan sanda, ko ƙaramar hukuma, ko masarauta, sukan hana farautar gayya na wani lokaci saboda tsaro. Irin wannan sanarwa tana canzawa, don haka kowace kaka sai ka tambaya. Amma lokacin farauta na haƙiƙa, haihuwar dabbobin da aikin gona ne suka yanke shi, kuma shi za mu fi daɗewa a kai.

Kafin nan, bindigar. Lasisi ba a gadonsa. Ko marigayi yana da takarda, sunansa ne a jiki. Dokar makamai ta 1959 ta ɗora ba da lasisin bindigar toka, wadda ake ɗurawa ta baki, a kan kwamishinan 'yan sanda na jiha. Mai baki ɗaya ko baki biyu da ke cin harsashi kuwa sai da izinin Sufeto Janar. Ba a bai wa wanda bai kai shekara 17 ba, ko mai taɓin hankali, ko mai raunin gani, ko mashayi, ko wanda kotu ta kama da laifin tashin hankali cikin shekara biyar da suka wuce. A 2023 rundunar 'yan sanda ta sanar da dakatar da ba da sabon lasisin ƙananan makamai, saboda haka kada ka ɗauka abu ne na yini ɗaya. Ka nemi Sarkin Baka ko mai unguwa ya raka ka ofishin 'yan sanda na yankinku, ka bayyana abin da ka gada, ka ji halin da ake ciki yanzu. Takardar farauta kuma daban take, ana neman ta a sashen gandun daji da namun daji na ma'aikatar muhalli ta jiha, kuma malamin daji na ƙaramar hukuma zai nuna maka hanya. Katin ƙungiyar maharba shaida ce kawai cewa kai ɗan ƙungiya ne. Ba ya zama madadin ko ɗaya daga cikin takardun nan biyu, ko da an buga masa hatimi goma.

Sai wuri. Kai da kake Alkaleri, Yankari na bayan gidanka. Gandun ya kai murabba'in kilomita 2,244. An keɓe shi a 1956, gwamnatin tarayya ta karɓe shi a 1991, ya dawo hannun jihar Bauchi a 2006. A cikinsa babu maganar ƙaramar dabba ko babba, babu rani babu damina. Wanda ya harbi kurciya a bakin kogin Gaji ya karya doka kamar yadda wanda ya harbi gwanki ya karya. Shiga da bindiga ko tarko ko kare ma kaɗai ya isa a kama ka, ko ba ka kashe komai ba, kuma "ai kare ne ya bi zomo ya tsallaka" ba ta fid da kowa. Idan gonarku tana wajen Duguri, Pali ko Mainamaji, ka sa dagaci ya nuna maka iyaka da ƙafa, sannan ka bar tazarar da ka san karenka ba zai ƙetare ba in ya tashi zomo. Hukuncin ɗaya ne a Lame-Burra da ke ƙasar Toro da Ningi, da gandun Sumu a Ganjuwa. Tafkin Maladumba na Misau kuma tun 2008 yana cikin jerin dausayin da duniya ta amince a kiyaye saboda tsuntsaye.

Yanzu lokaci. A taƙaice: daga faɗuwar ruwan farko har a gama kwashe amfanin gona, a rataye bindiga, a ɗaure karnuka. A kudancin jiha, irin su Dass, Toro da Tafawa Balewa, wannan yana nufin daga Afrilu. A tsakiya, har da Alkaleri, daga Mayu. A arewa, Azare, Gamawa da Zaki, ruwa ba ya zama sosai sai Yuni. Buɗewa kuma ba ranar da ruwa ya ɗauke ba ce, sai an sare dawa, an roro wake, an kwashe gyaɗa, wato wajen ƙarshen Nuwamba zuwa farkon Disamba. Watannin da suka fi dacewa su ne Disamba, Janairu da Fabrairu. Dalilin ya bambanta daga dabba zuwa dabba.

Zabin daji su ne suka fi nuna abin a fili. Duk rani suna yawo garke-garke, ashirin, talatin, wani lokaci fiye, suna kwana bisa itace ɗaya, suna sauka ruwa a lokaci ɗaya. Da hadari ya fara haɗuwa sai garken ya watse, ka riƙa ganinsu biyu-biyu, namiji na bin mace yana ɗaga fiffike. Ganin zabi biyu su kaɗai a bakin gona alama ce cewa farautarsu ta ƙare sai baɗi. Macen tana yin ƙwai a ƙasa cikin duhuwar ciyawa, daga shida zuwa goma sha biyu ko sama da haka, ta yi kwanci na kusan kwana 26 zuwa 28. 'Yan tsakin ba sa jure raɓa da jiƙewa, ga shaho, ga tunku, ga maciji, shi ya sa mafi yawansu ba sa kaiwa kaka. Wanda ya harbi zabuwa a Yuli bai kashe tsuntsu ɗaya ba, ya kashe sheƙa sukutum. Kwashe ƙwan a kai wa kaza ta ƙyanƙyashe, wanda yara da makiyaya ke yi suna ganin ba komai ba ne, ɓarnarsa ɗaya da harbin uwar. A Oktoba za ka ga samarin zabi sun fara tashi sama, amma ƙirjinsu ba nama, ƙahon kansu bai fito sosai ba, akwai sauran gashi ruwan ƙasa a wuya. Ka ba su wata biyu su ci tsintuwar gona. Zabon Janairu da na Oktoba ba a haɗa su a nauyi.

Fakara, wadda wasu ke kira makwarwa, ita ce ke ruɗin mutane, domin ba ta bin lokacin zabi. Tana jinkirta kwanci zuwa ƙarshen damina da kaka, wasu har cikin hunturu. Ƙwanta biyar zuwa bakwai, kwancinta kusan mako uku. Wato a daidai lokacin da mutane ke cewa kaka ta yi a fito da bindiga, fakara da yawa suna kan ƙwai a gindin ciyawar kunya ko a gefen fadama. Saboda haka ita a ƙara mata haƙuri, a bari sai Janairu. Akwai hanyar da za ka gane ko ka yi gaggawa. Idan ka harbo mace, juya ta ka hura gashin cikinta. In ka ga fili babu gashi, fatar ta yi kauri ta yi ja-ja da ɗumi, tana kwanci ne, akwai sheƙar da ka bari ba uwa. In ka fede ta ka tarar da 'yan ƙwai jere a bayanta, wasu sun kai girman gyaɗa, wasu sun yi gwaiduwa, tana cikin yin ƙwai. Ko wanne ka gani, ka bar wannan dajin ka dawo bayan wata guda. Tsufa kuma a ƙafa da baki ake ganinsa: tsohon namiji yana da kaifafan ƙayoyi biyu a bayan kowace ƙafa, na saurayi gajeru ne dakusassu. In ka riƙe tsuntsun ta leɓen bakinsa na ƙasa ka ɗaga, na bana bakin zai lanƙwashe, na bara zai ɗauki nauyin jikin. Namijin da ke hawa suri yana kuka da asuba shi ya fi sauƙin samu, kuma shi ya fi dacewa a ɗauka, ba macen da ke lallaɓawa cikin ciyawa ba.

Zomo ba ya haƙa rami. Macen tana ɗaukar ciki kusan kwana 42, ta haifi ɗaya ko biyu, wani lokaci uku, da gashinsu, idonsu a buɗe. Tana ajiye su a ƙarƙashin ciyawa ta tafi, sai dare ta dawo ta ba su nono na 'yan mintoci. Shi ya sa ganin zomanya ita kaɗai ba ya nuna ba ta da 'ya'ya. Haihuwarsu takan zo a watanni da dama, amma ta fi yawa lokacin ɗanyar ciyawa. Duk macen da kare ya kamo, matsa nononta. In ruwa fari ya fito, ko gashin da ke kewaye da nonon ya kwanta ya jiƙe, lokaci bai yi ba a wannan wurin. Ɗan bana kuma kunnensa na yagewa da sauƙi, kuma in ka shafa ƙafar gaba ta waje kusa da gaɓar ƙasa za ka ji wani ɗan ƙulli wanda babba ba shi da shi. Karnuka su ne babbar matsalar damina, domin kare ba ya tambayar wata. Wanda aka bari yana bin mai shi gona yana cinye 'ya'yan zomo da ƙwan zabi fiye da abin da bindiga ke kashewa, mai shi ma bai sani ba.

Gafiya tana haihuwa da sauri, cikinta kusan wata ɗaya ne, tana jure farauta. Gyazbi ba haka yake ba, cikinsa ya kai wata biyar, don haka fadamar da aka share gyazbinta takan daɗe ba ta farfaɗo ba. Kurciya da hasbiya ƙwai biyu suke yi, kwanci kusan mako biyu, kuma sukan maimaita sau da yawa a shekara. Su ne suka fi ɗaukar harbi ba tare da sun ƙare ba, in dai ba a bi su sheƙa ba.

Agwagin ruwa iri biyu ne. Akwai 'yan gida, kirinjijiya da dinya, masu haihuwa daga tsakiyar damina zuwa kaka a cikin ciyawar fadama. Bayan haihuwa suna zubar da gashin fiffike gaba ɗaya, su yi makonni ba sa iya tashi. A lokacin ne wasu ke bin su da kwalekwale da sanda, kuma wannan kisan kiyashi ne, ba farauta ba. Akwai kuma baƙi da ke zuwa daga Turai da Rasha wajen Oktoba da Nuwamba, su cika fadamun kogin Jama'are da madatsun ruwa irin Gubi da Dadin Kowa, su koma a Maris. Waɗannan ba a nan suke haihuwa ba, amma Najeriya ta sa hannu a yarjejeniyar kare tsuntsayen ruwa masu ƙaura. Makonnin ƙarshe kafin tafiyarsu suna tara kitsen da zai ƙetare da su Sahara, kora da harbi a lokacin yana kashe waɗanda harsashi bai taɓa ba. In za ka neme su, Disamba da Janairu. In ka ga zobe a ƙafar tsuntsu, masu bincike ne suka sa, ka kai wa malamin daji lambar da ke jiki.

Maris da Afrilu fa, tunda ruwa bai sauka ba? Doka ba ta hana ba, amma a ganina a nan ne aka fi yin ɓarnar da ba a lura da ita. Tafkuna sun ƙafe, ciyawa ta ƙone, duk abin da ke da rai a dajin yana zuwa gulbi ɗaya ko biyu da suka rage. Mutum ɗaya da ya yi kwanto a bakin ruwa mako guda zai iya gamawa da garken zabin da ya kamata ya watsu ya hayayyafa a Mayu. Waɗanda suka kai bazara su ne iri. Babu adadin da doka ta rubuta maka cewa kada ka wuce, amma shawarata ita ce a garken zabi ashirin kada a ɗauki fiye da huɗu ko biyar a duk shekarar, kai da sauran maharban ƙauyen gaba ɗaya, kuma garken da bai kai goma ba a ƙyale shi. Wannan sai da bakin Sarkin Baka, domin haƙurin mutum ɗaya ba ya hana na bayansa harbi.

Dabbobin da ba a taɓawa. Dokar tarayya ta kare dabbobin da ke fuskantar ƙarewa, wadda aka kafa a 1985, tana da jeri biyu. Na farko an haramta farautarsu da kama su da cinikinsu ɗungurungum. A cikinsu akwai ungulu, mikiya, shaho, shirwa da aku, akwai kada da mesa, akwai dabgi da ɗan kunya, kuma, abin da mutane da yawa ba su sani ba, akwai damo da guza. Jeri na biyu sai da izini na musamman, wanda lasisin farauta na yau da kullum bai ƙunsa ba: jimina, gauraka, tuje, shamuwa da danginta, zalɓe da balbela, burtu, barewa da birai. A 2016 an yi wa dokar gyara, tarar da a da take naira 1,000 ta koma ta miliyoyi, ga ɗauri ga wanda ya maimaita. Ganin ana sayar da kan ungulu ko fatar guza a kasuwa ba tare da an kama kowa ba bai sa abin ya halatta ba. Ungulun da ke cika mahauta a garuruwanmu a da, tun 2015 tana cikin jerin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa a duniya, kuma cinikin sassan jikinta don magani yana cikin manyan dalilai. Gauraka, tsuntsun da Najeriya ke alfahari da shi, da wuya yanzu a gan shi a dajinmu. Burtu ma, wanda maharba ke ɗaura kansa a goshi su yi rarrafe su kusanci nama, ɗa ɗaya yake rayarwa in ya yi sheƙa, kuma ba kowace shekara ba. Mai son wannan dabara ya sassaƙa kan da itace ya rufe da baƙar fata, aikin ɗaya yake yi. Shamuwa kuwa tun kafin doka al'ada ta kare ta, babu mai hankalin da ke harbin tsuntsuwar da ke zuwa da albishirin damina.

Hanyoyin da aka hana su ne guba ko abinci mai guba, wuta, farautar dare, bin dabba da mota ko babur, bindiga mai sarrafa kanta, abin fashewa, da duk dabarar da ke kashe dabbobi da yawa a lokaci ɗaya. Fitilar goshi ta shiga nan. Zomo in haske ya dalle masa ido tsayawa yake yi, shi ya sa ake son ta, amma a cikin dare ido biyu masu ƙyalli ba sa gaya maka na zomo ne, ko na ɗan akuya, ko na kyanwar wani. Guba ta fi kowanne muni. Ana jiƙa dawa da maganin ƙwari a watsa a bakin ruwa, a dawo a tsince zabi da kurciyoyi. Naman yana ɗauke da gubar zuwa tukunya, wanke shi da cire hanji ba sa fitar da ita duka, kuma abin da ba a tsince ba ungulu da dila da karnuka su ci su mutu. In ka ga tulin tsuntsaye a kasuwa babu raunin harbi ko ɗaya, babu alamar yanka mai jini, kada ka saya.

Ƙona daji don korar gafiya da zomo, ban da dokar namun daji, ƙa'idojin 2011 na NESREA, hukumar tarayya mai kula da bin dokokin muhalli, ma sun hana shi. Da iskar hunturu wuta ba ta tsayawa inda aka ce ta tsaya. Tana cin karan da manomi bai kwashe ba, da harawa, da ciyawar da makiyayi ya dogara da ita har Mayu, da sheƙar fakara, kuma rigingimu da yawa tsakanin ƙauyuka da rugage daga ashana ɗaya suka fara. Bahaushe ya ce kowa ya ƙona rumbunsa ya san inda toka ke kuɗi. Zargen waya shi ma bai san zomo ba bai san akuyar mutane ba. In za ka kafa tarko, ka kafa mai kamawa da rai irin asuta, ka duba shi safe da yamma, ka kwashe shi ranar da ka san ba za ka dawo ba.

Farautar gayya, inda ake cika mota da samari da karnuka da gora da barandami, ita ce aka fi hanawa, saboda faɗa kan nama da tattake gonaki. In za ka shiga, ka tabbata hakimi da 'yan sanda sun san da fitar. Tafiya da bindiga zuwa wata jiha kuwa a wannan zamani a yi hattara ƙwarai. A Maris na 2025 an kashe matafiya 16 'yan Arewa a Uromi ta jihar Edo bayan an ga bindigogin toka a motarsu. Ko a nan gida, dazuzzukan Alkaleri ba kamar da ba ne, jami'an tsaro ba su da hanyar bambance maharbi da ɗan bindiga daga nesa. Kada ka shiga daji ba tare da dagaci ya san inda ka nufa ba.

Ta fuskar addini, littafin Risala ya ce farauta don wasa kawai makaruhi ce, don abinci ko sana'a halal ce. Ana yin bisimilla lokacin sakin kare ko lokacin harbi, ba bayan dabba ta faɗi ba. Aya ta 4 a Suratul Ma'ida ta halatta abin da horarren kare ya kama maka, da sharaɗin kai ka sake shi. Wanda ya tafi da kansa ya kashe, ba a ci. In ka iske dabbar da sauran rai, wajibi ne ka yanka, don haka wuƙa mai kaifi ta kasance a ƙugunka, ba a cikin jaka ba. Abin da kere ko gora ko dutsen danƙo ya kashe, da abin da zarge ya shaƙe, mushe ne in ba a riske shi da rai an yanka ba, domin duka da shaƙa ne suka kashe shi. Harbin bindiga kuwa malaman Malikiyya na baya sun halatta abin da ya kashe, saboda yana huda jiki ya zubar da jini. Dabbar da ka harba ta ɓace maka har ta kwana, a mazhabarmu ba a ci. Kuma hadisi ya tabbata cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci sahabbai su mayar wa wata tsuntsuwa 'ya'yanta da suka ɗauke.

Wannan ya kawo mu ga harbin kansa, domin yawancin naman da ke ɓacewa ya ruɓe a daji daga harbin nesa ne. Bindigar toka kada ta wuce taki 25 zuwa 30. Mai harsashi takan kai mita 35, bayan nan raunatawa kawai take yi. Ga mai amfani da harsashi, girman ƙwayoyin da ke ciki da lamba ake gane shi: lamba 6 ta dace da kurciya da fakara, lamba 4 ko 5 da zabo da zomo da kirinjijiya, manyan ƙwayoyi masu alamar BB da dinya. Ƙananan ƙwayoyi a kan zabo daga nesa gashi kawai suke tsigewa, manya a kan kurciya kuma ko su wuce ta ko su dagargaza ta. Zaɓi tsuntsu ɗaya a gefen garke. Harbi cikin tsakiya yana kayar da biyu, ya sallami biyar da dalma a ciki su je su mutu inda ba ka gani. Kada ka harbi motsin ciyawa sai ka ga kai da jiki, domin lokacin farauta shi ne lokacin da mata ke itace, yaran Fulani ke kiwo a sauruka. Harbi a kan ruwa kuma ƙwayoyin na iya tsalle su nufi wancan ƙetare.

Bindigar gado sai an kai wa maƙeri ya duba bututun kafin a ɗura, domin tsatsa daga ciki take ci. Tun farko ma ka tabbata ba a ɗure aka ajiye ta ba. Zura sandar ɗuri har ƙasa, ka yi alama a daidai baki, ka fito da ita ka gwada ta waje. In ba ta kai gindin bututu ba, akwai ɗuri a ciki, ko ya shekara nawa. Wannan alamar ce kuma za ta hana ka ɗuri biyu, wanda shi ne ya fi fasa bututu ya tafi da yatsu. In ka ja kunama ba ta tashi ba, riƙe ta tana kallon inda babu kowa na minti guda cur, domin albarushi mai danshi yakan yi jinkirin kamawa. Kada ka leƙa bakin, kada ka hura, kada ka zuba sabon albarushi nan take bayan harbi, garwashi na iya saura a ciki.

Lafiyarka ma tana da lokacinta. Zazzaɓin Lassa ya fi tashi daga Disamba zuwa Afrilu, daidai da lokacin farauta, kuma Bauchi na cikin jihohin da suka fi fama da shi. Ɓera ne ke ɗauke da shi a fitsari da kashi da jini, saboda haka farautar ɓeraye da yara ke yi a gonaki bayan girbi a hana ta. Gafiya da kurege kuma ana danganta su da ƙyandar biri, a feɗe su da safar hannu ko leda, ba da hannu mai rauni ba. Murar tsuntsaye ta fara bayyana a Najeriya a 2006, kuma agwagin ruwa na iya ɗauke da ita ba tare da sun nuna ciwo ba. Kada ka fige su a tsakar gida inda kaji ke tsattsaga gashin da hanjin, ka binne su. Tsuntsun da ka tsinta a mace, ko wanda ya kasa gudu ba tare da rauni ba, ba rabonka ba ne. Ramin gafiya ba a zura masa hannu, kububuwa da kasa suna shiga. In tsautsayi ya faɗa, kada a tsaga, kada a tsotsa, kada a ɗaure tamau, a nufi asibiti. Na Kaltungo a jihar Gombe ya shahara da maganin sarar maciji. Karnukan kuma a yi musu allurar haukan kare kowace shekara.

Nama da zafin rana ba ya jira. Cire kayan ciki cikin sa'a ɗaya, musamman in harbin ya taɓa hanji, ka cire maƙoƙon tsuntsu da abin da ya ci, ka rataya a inuwa iska na shiga. Kada ka cusa mai ɗumi cikin buhun leda, nan da nan zai yi kore ta wajen ciki. Hanta mai fararen ɗigo ko ƙuraje, a jefar da dabbar duka. Wurin da ƙwayar dalma ta bi a yanke shi da ɗan faɗi a zubar, domin dalma tana farfashewa ƙanana, kuma ta fi cutar da yara da masu ciki. In banda za ka yi, tsaga zabo ta baya ka shimfiɗa shi, shafa gishiri, ka fara da wuta mai ƙarfi har ya dahu zuwa ƙashi, sannan ka rage ta ka bar hayaƙi ya busar da shi kwana biyu kana juyawa. Wanda aka fara da hayaƙi mai sanyi yakan yi kyau a ido, amma gindin cinya da jikin ƙashin ƙirji suna nan ɗanye, kuma daga nan tsutsa ke farawa.